Ɓeraye Da Neman Maganin Sankarar Hanta

A ƙasar Sabon Birni da Isa, kamar sauran ƙasar Hausa, ba a cika gane sankarar hanta ba sai ciki ya kumbura, idanu sun yi rawaya, mutum ya rame. Kafin a kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, sau da yawa ƙarin ya riga ya wuce a yi masa fiɗa. Irin wannan majinyaci ne masana ke nema wa maganin da zai bi jini ya sami ƙarin, ya bar sauran hanta lafiya.

Dabarar ita ce a ɗauko sojojin garkuwar jiki, waɗanda kowannensu alama guda yake kamawa, a ɗaura musu sinadari mai fitar da tururin nukiliya. A 1953 David Pressman da Leonhard Korngold suka nuna a Amurka cewa irin waɗannan sojoji, in an ɗaura musu aidin 131, sukan taru a kan ƙarin da ke jikin ɓera. A 1975 kuma Köhler da Milstein suka gano, a Ingila, hanyar samar da su iri ɗaya tak, da yawan gaske.

Yadda ake gwajin shi ne, a dasa wa ɓera ƙwayoyin sankarar hanta, a yi masa allurar maganin, sa'an nan a riƙa ɗaukar hotonsa. Daga bisani a yanka shi a auna tururin da ke ƙari da hanta da ƙoda da ɓargo. Da yake ƙarfin aidin 131 yakan ragu da rabi cikin kwana 8, dole maganin ya isa ya liƙe kafin ya sane.

Sai dai ita hanta aikinta ne tace jini, don haka lafiyayyen ɓangarenta ma yakan riƙe wani abu, ɓargo kuma yakan jigata. Duk da haka aikin bai tafi a banza ba, domin a 2005 ƙasar Sin ta amince da maganin Licartin, mai ɗauke da aidin 131, don masu sankarar hanta.

Irin wannan jinya tana bukatar sashen magani na nukiliya, irin na Asibitin Koyarwa na Ibadan, wanda ya yi wa manomin Gobir nisa ainun. Abin da ke kusa da shi kuwa shi ne toshe hanyoyin ciwon guda biyu. Ta farko ita ce cutar hanta mai lamba B, wadda aka sa rigakafinta cikin alluran yara a Nijeriya tun 2004. Ta biyu kuwa gubar afalatoksin ce, wadda funfuna ke haifarwa a gyaɗa da masarar da ba su bushe ba. Saboda haka wajibi ne magidanta su kai jarirai allura tun ranar haihuwa, su kuma shanya amfanin gona sosai kafin a zuba a rumbu.