Yadda ake gane farashin da ya dace da Hilux ta hannu mai amfani da dizal

Hilux biyu masu shekara ɗaya da launi ɗaya za su iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa a filin dillali, amma tazarar kuɗinsu ta kai miliyoyin naira. Bambancin yawanci yana cikin injin da kuma takardu. Don haka farashin da aka rubuta a Jiji ko Facebook mafarin ciniki ne kawai. Abin da ya dace mai saye ya biya shi ne kuɗin da irin motar take yi a kasuwa idan lafiyarta ƙalau, a cire duk abin da gyaranta zai ci.

Kafin a kwatanta farashi, sai a san wane inji ne a ciki. Hilux da aka yi daga 2005 zuwa 2015 ana samunta da 2KD mai lita 2.5, da 1KD mai lita 3.0, da kuma 5L-E wanda ba shi da turbo. Daga 2015 aka kawo 2GD mai lita 2.4 da 1GD mai lita 2.8. Injin 5L-E ba shi da gudu, amma yana haƙuri da gurɓataccen mai, kuma kusan kowane bakanike ya san kansa, shi ya sa masu shiga ƙauye ba sa raina shi. Injinan KD da GD kuwa suna tura mai da matsi mai ƙarfi ta nozul masu aiki da kwamfuta. Ruwa kaɗan ko datti a cikin dizal ya isa ya lalata su, kuma nozul huɗu ne, ga famfo. A nan ne kuɗi suke tafiya.

Saboda haka ya kamata a je duba mota da sassafe, kafin a tayar da ita. Idan aka tarar da injin da ɗumi, to wani ya riga ya yi sammako, kuma akwai dalili. Injin mai lafiya yana tashi da makulli ɗaya. Farin hayaƙin da ya ƙi ɗaukewa yana nuna matsalar nozul ko ruwa na shiga inji, shuɗi kuma alamar motar tana shan baƙin mai. Sai a buɗe murfin baƙin mai injin yana aiki: idan hayaƙi yana bugowa da ƙarfi har yana ture murfin, injin ya gaji. Bakanike mai na'urar bincike zai iya karanta yadda kowane nozul yake aiki cikin 'yan mintuna, kuma kuɗin aikinsa bai kai ko kusa da na nozul ɗaya ba.

Mita ba abar dogaro ba ce, domin ana juya ta baya. Sitiyarin da ya goge da kujerar direba da ta lotsa sun fi ta faɗin gaskiya. Injinan KD suna amfani da bel da ake canzawa a kilomita 150,000, don haka a tambaya ko an canza.

Sai a leƙa ƙarƙashi. Wadda aka kawo daga Turai takan zo da tsatsa saboda gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara. Wadda ta yi aikin kamfani ko ɗaukar buhuna a nan gida kuwa, sifirin baya ne yake tona asirinta. Akwai kuma waɗanda aka ƙera da sitiyari a dama aka mayar da shi hagu. Waɗannan dole kuɗinsu ya yi ƙasa sosai, komai ƙyallin fenti.

Takardu na iya rusa cinikin gaba ɗaya. A Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma motar da ba a biya mata duti daidai ba, kwastam za su iya kama ta a hanya, asarar kuma ta mai ita ce. A tabbatar lambar shasi mai haruffa 17 ta yi daidai da ta takardar kwastam, a kuma tantance takardar a ofishinsu kafin kuɗi su fita.

Duk abin da bakanike ya lissafa, a tambayo kuɗin kayansa a ranar, a Ƙofar Ruwa ko Panteka, domin farashin kayan gyara yana bin dala. Da wannan lissafin ake komawa wurin dillali, kuma a yanke tun farko ko la'adarsa tana cikin kuɗin ko daban take.