Binciken Gawar Kwamfuta

Idan ma'aikacin gandun daji ya tsinci mushen gwanki a dajin Kamuku na Birnin Gwari, ba ya gaggawar binne shi. Sai likitan dabbobi ya ɗebi jini da hanta tun ba su ruɓe ba, domin a nan ne ake gane ko cuta ce ko guba. Kwamfuta ma tana da irin wannan bincike.

A cikin kowace kwamfuta akwai wata manhaja da ake kira kanel, wadda ke raba aiki tsakanin ƙwaƙwalwa da faifai da sauran sassa. Idan kanel ya gamu da kuskuren da ya fi ƙarfinsa, yakan tsaya cik, kome ya tsaya tare da shi. An ga haka ranar 19 ga Yuli, 2024, lokacin da kuskure a manhajar kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu amfani da Windows, jiragen sama da asibitoci suka shiga tasku.

Matsalar ita ce shaidar tana cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi, wadda ke shafewa da zarar an sake kunna na'ura. Saboda haka a 2005 aka shigar da wata dabara mai suna kdump cikin Linux, tsarin da Linus Torvalds ya fara a Helsinki a 1991. Tun wajen kunnawa ake keɓe wani yanki na ƙwaƙwalwa, a ajiye ƙaramin kanel na biyu a ciki. Da na farko ya faɗi, sai na biyun ya tashi, ya kwafe abin da mamacin ya bari zuwa faifai, sannan na'urar ta sake kunnuwa.

Abubuwa biyu suka fi hana wannan aiki tafiya. Na farko, yankin da aka keɓe ya yi kaɗan, kanel na biyu ya kasa tashi. Na biyu, faifai ya rasa wurin ɗaukar kwafin. Maganinsa shi ne a tace shafukan da ba kome a cikinsu, a matse sauran.

Don haka mai kula da babbar kwamfutar banki ko ta jami'a yakan kayar da kanel da gangan a lokacin da ba a aiki, ya duba ko kwafin ya samu. Ba a fafe gora ranar tafiya.