Tsuntsayen Da Ke Hayayyafa A Kurmin Gora

Yawancinmu mun san gora, amma saninmu bai wuce sanda da rufin ɗaki ba. To, a wasu ƙasashe masu zafi da yawan ruwan sama gora takan yi kurmi guda, kuma akwai tsuntsayen da hayayyafarsu ta dogara gare ta.

Na farko wani ɗan mitsitsin maƙwaƙwafi ne da ake samu a arewa maso gabashin Indiya da Tailan da kudancin Sin. Masana na kiransa Sasia ochracea, tsawonsa bai kai inci 4 ba. Kun san cikin gora kogo ne, kowace gaɓa a toshe sama da ƙasa. Sai ya huda ƙofa mai faɗin kamar inci 1, shi ke nan ya sami ɗaki da rufinsa da daɓensa. Macen takan saka fararen ƙwai 2 zuwa 4, ita da namijin su riƙa karɓeɓeniyar kwanci har su ƙyanƙyashe.

Na biyu yana can dazuzzukan gabashin Barazil, sunansa Sporophila falcirostris. Shi tsabar gora yake bi. Gora kuwa ba ta tsaba kowace shekara kamar gero. Wata irin ta can, mai suna Guadua, sai ta yi wajen shekara 30 kafin ta yi fure. Kurmin duka zai yi tsaba lokaci ɗaya, sa'an nan ya bushe. Saboda haka tsuntsun ba shi da gari. Yana ta yawo har ya dace da inda tsaba ta nuna. Nan za su taru, mazan su dinga kuka, matan su saƙa 'yan sheƙuna kamar ƙoƙo, su reni 'ya'yansu cikin yalwa. Tsaba na ƙarewa sai su watse.

Ga inda matsala take. An sare mafi yawan dajin nan don gonaki da birane, kurmi ya yi nisa da kurmi. Tsuntsun da bai sami tsaba ba yaya zai ciyar da 'ya'ya? Ga kuma masu kama su suna sayarwa a keji. Akwai wata kurciya mai cin tsabar gora a wannan daji, har ana tsoron ko ta ƙare.

Don haka, 'yan'uwa ɗalibai, mai sare kurmi ba itace kaɗai ya sare ba, har da gida da rumbun wasu bayin Allah.