Maraicen Rayuwa: Darasi Daga Malam Abdullahi na Gwandu

Shirinmu na yau domin dattawa ne, musamman iyayenmu na Dodoru da ƙauyukan da ke kewaye da ita a ƙasar Gwandu da Kalgo, waɗanda gwiwa ta soma yi musu gardama, gani ya raunana, 'ya'ya kuma suka bazu cirani, har mutum ya wayi gari a zauren da a da ba ya rabo da baƙi, bai ga kowa ba sai buzun sallarsa da buta.

Ba sai mun yi nisa wajen neman abin koyi ba, domin ga hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo nan a garin Gwandu. Wannan bawan Allah, wanda aka haifa wajen 1766, ya tsaya a sahun gaba ranar yaƙin Tabkin Kwatto a 1804, ya jagoranci cin Birnin Kabi a 1805, aka kuma danƙa masa yammacin daular Sakkwato a 1812, shi ne wanda masu tarihi suka ruwaito cewa, da wansa Shehu Usmanu ya rasu a 1817, ya taso daga Boɗinga zuwa Sakkwato, ya tarar an rufe ƙofofin gari, an riga an yi wa ɗan wansa Muhammadu Bello mubaya'a. Ku dubi girman wannan al'amari. Mutum ya haura hamsin, ya rasa wansa wanda kuma shi ne shaihinsa, sa'an nan ya juya akalar dokinsa daga bakin ganuwar garin da ya zubar da gumi kafin a kafa shi. Bai daɗe da komawa Gwandu ba tawaye ya tashi a Kalambaina, ƙarfinsa kuwa bai isa ya kashe wutar shi kaɗai ba.

A nan ne halin mutumin ya fito fili. Sa'ad da Bello ya kawo masa gudummawa aka ci Kalambaina, wajen 1821, sai baffa ya sallama wa ɗa, ya amsa masa sarautar Musulmi a gaban jama'a, alhali kuwa ya girme shi da shekaru fiye da goma, kuma yana cikin waɗanda suka karantar da shi. Ni a ganina wannan ya fi yaƙin Kwatto wuya, gama gyambon da ke cikin zuciya ba ya jin magani sai mai shi ya yarda ya warke, dattawa da yawa kuwa abin da ke rage musu kwana ke nan: riƙon wata magana da aka yi shekara ashirin da suka wuce a kan gadon gona.

Daga nan ya bar mafi yawan hidimar mulki a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Buhari, ya koma ga tawada da alƙalami. Ya riga ya kammala babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'awili, tun Shehu na da rai. Amma da ya lura cewa littafin ya yi wa ƙananan ɗalibai nauyi, sai ya zauna, da furfurarsa, ya taƙaita shi bisa ruwayar Warshu da mazhabar Maliku da mutanen ƙasar nan suka saba da su, ya sa masa suna Kifayatu Du'afa'is Sudan, wato abin da zai wadatar da masu rauni, ya gama a 1822. Wanda aka rufe wa ƙofa, ga shi yana buɗe wa raunana tasu.

Kada mai sauraro ya zaci Malam Abdullahi mutum ne da ba ya jin zafi. Ya taɓa barin rundunar jihadi saboda takaicin yadda son duniya ya shigi mutane, ya nufi Makka, har mutanen Kano suka tsai da shi ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. Ashe kyautata zato ga Allah, abin da malamai ke kira husnuz zanni, bai hana mutum ya ce ciwo ciwo ne. Abin da yake hanawa shi ne yanke ƙauna da naɗe hannu.

Na san wani tsoho a wannan yanki wanda ambaliyar 2020 ta cinye masa shinkafar fadama, idonsa kuma ya yi hazo har ba ya iya bin baƙi a Alƙur'ani. Kullum da hantsi za ka same shi a gindin darbejiya, ya maƙale bakin igiya a babban yatsan ƙafa, yana tufkar rama, jikoki uku na gefensa da allunansu, yana yi musu gyara da ka. In aka ce masa, "Baba, ina gajiya?" sai ya ce, "Alhamdu lillahi, ɗana, miƙo mini wancan damin."

Malam Abdullahi ya rasu a Gwandu a 1829, har yau kuwa ana buɗe littattafansa a zaurukan karatu da majalisun tafsirin watan azumi. Allah ya jiƙansa, ya ba iyayenmu na Dodoru lafiya. Sai mun sake saduwa, wassalamu alaikum.