Lissafin Da Na Yi Wa Firijin Kawuna

Kawuna direba ne mai doguwar tafiya, sau da yawa a cikin motarsa yake kwana. A hutun da ya wuce ya sayo ƙaramin firiji mai aiki da batir, ya ce mini, "Kai ɗan boko, wannan ba zai kashe mini batir ba?" Tsoronsa kada gari ya waye a daji mota ta ƙi tashi.

Na duba 'yar takardar da ke manne a bayan firijin, na ga an rubuta wat 48, bolt 12. Malaminmu na kimiyya ya koya mana cewa in ka raba wat da bolt sai ka sami amfiya. Wato amfiya 4 ke nan.

To, a nan ne mutane ke yin kuskure. Injin firiji ba ya aiki dare da rana. In ciki ya yi sanyi sai ya tsaya da kansa. Da zafin bazara na ƙiyasta zai yi aiki awa 12 cikin 24. Amfiya 4 sau awa 12 ya ba ni 48, abin da ake rubutawa 48Ah. In ana yawan buɗe shi, ko a cusa masa ruwa mai ɗumi, zai wuce haka.

Batirin Kawu 100Ah ne, amma batir mai ruwa ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, don yana lalacewa da wuri. Ashe kwana ɗaya tak firijin zai cinye wannan rabin. Na ce, "Kawu, ku saya masa batirinsa daban, ku bar wancan don ta da mota." Ya yi ta gunaguni a kan kuɗin, amma ya saya.