Aikin Jinga a Intanet: Yadda Sabon Mai Fassara Zai Karɓi Kuɗinsa da Gyaran Aikinsa

Gabatarwa

Tun da muka shiga aji uku, tambayar da ta fi yawa a bakin 'yan ajinmu ita ce: wane aiki mutum zai yi da digirin Hausa a nan Kudu? Ɗaya daga cikin amsoshin shi ne aikin jinga a intanet, wato wani ya ba ka fassara, ko ya ce ka rubuta maganar da aka naɗa, ku yi jinga, ka yi aikin a ɗakinka, ya biya ka. Ni ba Bahaushe ba ne, Bayarabe ne. A unguwar Sabo ta Ibadan na fara tsintar Hausa a bakin abokan wasa, sannan na zo nan na koyi nahawunta. Shekara guda ke nan ina taɓa wannan aiki. A wannan ɗan rubutu zan yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayani a kan abubuwa biyu da suka fi ba sabon shiga wahala, wato karɓar kuɗi da karɓar gyara. Abin da na gano shi ne, duka biyun tun ranar jinga ake warware su.

Yadda kuɗi yake tafiya

Akwai kamfanonin da suke haɗa mai aiki da mai yi masa, kamar yadda dillali yake haɗa mai saye da mai sayarwa a kasuwa. Fitattu a ciki su ne Fiverr, wanda aka kafa a 2010, da Upwork, wanda ya samu wannan suna a 2015 bayan haɗewar Elance da oDesk. Babban amfaninsu shi ne riƙon amana. Mai aiki yakan zuba kuɗin tun kafin ka fara, kamfanin ya riƙe, ba a hannunsa ba, ba a hannunka ba, har sai an miƙa aiki.

Sai dai dillali ba ya aikin banza. Fiverr yakan cire la'adar kashi 20 cikin 100. Alal misali, idan kun yi jinga a kan dala 50, dala 40 ce taka. Bayan ka miƙa aiki, mai shi yana da kwana 3 ya karɓa ko ya nemi gyara, sannan sabon shiga ya jira kwana 14 kafin ya iya cire kuɗin. A Upwork kuwa, idan jingar ta ƙayyadadden kuɗi ce, mai aiki yana da kwana 14 na dubawa. Idan ya yi shiru, sai a sakar maka kuɗin, ka ƙara jiran kwana 5. Daga nan kuɗin zai biyo ta wata hanya kamar Payoneer ko asusun banki, kuma nan ma akwai abin da ake cirewa. Saboda haka kada ɗalibi ya ɗora kuɗin makaranta na wannan mako a kan aikin da ya gama jiya.

Haka kuma a lura da canji. A watan Yuni na 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya haɗe farashin canji wuri guda, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 700 cikin 'yan kwanaki. Don haka a faɗi tun farko da wane kuɗi za a biya, dala ko naira.

Kuskuren da na yi

Aikina na uku shi ne ya koya mini hankali. Wani mutum ya nemi in rubuta masa hirarrakin Hausa na awa biyu. Ya ce mu bar dandalin da muka haɗu mu koma waya, don kada a ci mu la'ada. Na ga riba, na yarda. Kwana tara ina sauraro ina rubutawa, har na rasa lacca biyu. Da na tura masa, sai ya ce zai biya ranar Juma'a. Har yau Juma'ar ba ta zo ba. Ba ni da wurin kai ƙara, domin da ƙafata na fita daga inda ake riƙon amana, kuma dokar irin waɗannan kamfanoni ta hana hakan, har sukan rufe asusun wanda aka kama.

Tun daga ranar ba na fara aiki sai na ga an zuba kuɗin. Idan kuma mutum ya zo mini kai tsaye, ba ta hannun dillali ba, sai ya ba da rabi kafin alƙalami. Babban aiki kuwa nakan raba shi kashi-kashi, kowane kashi da kuɗinsa.

Abin da za a rubuta ranar jinga

Kafin in taɓa aiki, nakan tabbatar an amsa waɗannan tambayoyi a rubuce. Na farko, da me za a ƙirga kuɗi? A fassara, gara a ƙirga da kalmomin asalin takardar, domin su ne kowa yake gani tun farko. A rubuta magana kuwa, da mintocin da aka naɗa ake ƙirgawa, amma a tuna minti ɗaya yakan ci mintoci da yawa wajen rubutawa. Na biyu, yaushe za a miƙa? Na uku, gyara sau nawa ne kyauta? Ni sau biyu nake yarda. Na huɗu, wace Hausa ake so? Daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina a kan karin Kano, ko kuwa masu karatun mutanen Nijar ne? Tambayar tana da muhimmanci, domin inda muke cewa “mota” su “mato” suke cewa, kuma inda muke rubuta 'y su ƴ suke rubutawa.

Yadda ake karɓar gyara

Yawancin masu ba da aikin fassara ba sa jin Hausa. Abin da suke yi shi ne su ba wani ya duba aikinka, abin da ya faɗa kuwa shi za su ɗauka. Na taɓa fassara wata takardar faɗakarwa a kan tsabtar ruwan sha, sai ta dawo mini da jan layi a wurare 23, tare da tsokacin mai dubawa cewa da gani ba Bahaushe ne ya yi ba. Maganar ta sosa mini rai, don kuwa gaskiya ce. Na rubuta amsa mai zafi, amma ban tura ba, na bari sai da na kwana.

Washegari na zauna na kasa gyare-gyaren gida uku. Kashi na farko kurakuraina ne na haƙiƙa. Na rubuta “idan ruwa ta tafasa” maimakon “idan ruwa ya tafasa”, domin harshena na gida ba ya bambanta jinsin namiji da na mace a nahawu, ni kuma na ga kalmar ta ƙare da “a” sai na ɗauke ta mace. Waɗannan na amsa laifina, na gyara. Kashi na biyu bambancin zaɓin kalma ne kawai. Na bayyana wa mai aikin cewa duka biyu daidai ne, na bar masa zaɓi. Kashi na uku kuwa kwamfutarsu ce ta cinye lanƙwasar haruffa, “ƙasa” ta koma “kasa”, “ɓata” ta koma “bata”. Na tura masa hoton takardata ta asali, ya gani da idonsa. Ya biya ni cikakke, kuma bayan wata biyu ya sake kawo mini aiki. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Taurari da tsokaci

Bayan an gama aiki, mai shi yakan ba ka taurari daga ɗaya zuwa biyar, ya rubuta tsokaci wanda duk mai neman ba ka aiki zai karanta. A Upwork kowane ɓangare yana da kwana 14 ya rubuta nasa, kuma ba wanda zai ga na ɗan'uwansa sai duka biyu sun rubuta ko wa'adin ya cika. Ga sabon shiga mai tsokaci biyu ko uku, mummuna guda ɗaya yana iya kore masa ciniki. Maganinsa shi ne ka tambayi mai aiki ko akwai abin da bai gamsu da shi ba tun kafin a rufe jingar. Idan duk da haka ya rubuta abin da bai yi maka daɗi ba, ka amsa a taƙaice cikin ladabi, domin mai ba da aiki na gaba shi ma zai karanta amsarka.

Kammalawa

Ina ba 'yan'uwana shawara, musamman mu da muka koyi Hausa a matsayin harshe na biyu, kada mu ce mu Hausawa ne don neman aiki. Mu faɗi abin da muka karanta, mu nemi abokin karatu Bahaushe ya duba mana aiki kafin mu miƙa, mu ba shi nasa kason. Ni har yanzu ina yin haka, kuma kafin in tura kowace fassara nakan bi ta layi-layi ina duba “ya” da “ta”.