Yadda Saƙo Yake Gane Mai Shi a Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya leƙa shagunan intanet da ke bakin hanyar Abuja zuwa Keffi a Mararaba, musamman lokacin da ɗalibai suke rububin rajistar JAMB, zai tarar da kwamfutoci jere, wayoyinsu sun bi gindin bango sun haɗu a wani ɗan akwati mai fitilu masu ƙyaftawa, amma duk da hanyar fitarsu ɗaya ce, takardar wannan ba ta faɗawa allon wancan. Abin da ya hana wannan cakuɗuwa ya cancanci sharhi, domin a cikinsa akwai hikima, akwai kuma wani rauni da ya wajaba jama'a su sani.

Asalin tsarin, wanda ake kira Ethernet, Robert Metcalfe ne ya zana shi a 1973 a cibiyar binciken Xerox da ke Palo Alto a Amurka, kuma ƙa'idarsa ita ce bayani ba ya tafiya a dunƙule, sai an yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa, wato firem, ba ta ɗaukar kayan da ya wuce bayit 1500. A goshinta ana rubuta adireshin wanda za a kai wa, sannan na mai aikowa, kowanne bayit 6, shi ne adireshin MAC, wanda rabinsa na farko hukumar IEEE ce take ba kamfanin da ya ƙera katin sadarwa. Daga nan sai bayit 2 masu bayyana nau'in kayan, a wutsiya kuma bayit 4 na hisabi, waɗanda da su ake gane ko wani abu ya gurɓace a hanya.

Tsakanin wannan kati da babbar manhajar kwamfuta, Windows ce ko Linux, akwai ƙaramar manhaja da ake kira direba, kuma mafi yawan hidimar a wuyanta take. Tun da aka kunna na'ura ita take umurtar kati da adireshin da zai karɓa, ta kuma tanadi jerin gurabe a ƙwaƙwalwa. Idan firem ta iso, kati ya duba goshinta, in ya ga sunansa, ko na wani rukuni da aka shigar da shi, ko adireshin shela ga kowa wanda ake rubutawa da harafin F sau 12, sai ya sauke ta kai tsaye a gurbi ya yi wa direba ishara, in kuwa ta wani ce ko hisabinta bai daidaita ba, sai ya yar da ita ba tare da ya sanar da mai aikowa ba. Direba ba ruwanta da ma'anar saƙo. Iyakarta ta ɗauko, a dubi nau'in, 0800 alamar IP, 0806 alamar ARP, a miƙa sama, inda za a dubi lambar ƙofa, daga 0 zuwa 65535, a ba manhajar da ta buɗe wannan ƙofa tana jira.

Adireshin MAC ba ya wuce iyakar shago. Saƙo kamar kwalin da aka ba direban mota a tashar Mararaba zuwa Kano ne, wanda sunan mai shi ba ya sauyawa ko da an sauya masa mota a Kaduna. Adireshin IP na inda aka nufa shi ne sunan, firem kuwa kowane zango sabuwa ake yi.

To, a nan raunin yake. Kafin kwamfuta ta aika wani abu waje, lalle ta san MAC na rutar shagon, wato na'urar da take haɗa shagon da intanet, saboda haka sai ta yi shela tana tambayar wane ne mai adireshin IP kaza, bisa ƙa'idar ARP da David Plummer ya rubuta a 1982, a zamanin da masu amfani da sadarwa jama'a ce kaɗan waɗanda suka san juna, kuma duk wanda ya amsa an gaskata shi, ba a neman hujja balle shaida. Azzalumin da ya shiga Wi-Fi ɗaya da kai yana iya da'awar shi ne ruta, ya kuma umurci direbarsa ta karɓi duk abin da ya iso katinsa, sai saƙonka ya riƙa bi ta hannunsa alhali ba ka sani ba. Abin da yake tsare ka shi ne kullen HTTPS, wanda yake mayar da kayan cikin firem rubutun da ba ya karantuwa. Don haka gargaɗin da burauza take yi cewa shaidar shafi ba ta inganta ba, ba abin da za a danna a wuce ba ne, balle ga mai shigar da lambar NIN ko ta banki.

A ganina nauyin ya fi rataya a wuyan masu shaguna, waɗanda da yawansu suke dogara da jerin adiresoshin MAC don tantance mai shiga, alhali sauya adireshin aikin minti ɗaya ne, har ma wayoyi suna yin haka da kansu tun da Apple ya fara a 2014, Android 10 kuma ya mai da shi al'ada a 2019. Galibin rutoci suna da tsarin ware baƙi a hanya ta daban, yadda wayar mai jiran layi ba za ta iya magana da kwamfutar da ake cike takardu a kai ba, kuma kunna shi ba ya buƙatar sayen komai.